Jeffrey Gordon: Masanin da ya bi sawun tamowa har cikin hanjin yara

Jeffrey Ivan Gordon likita ne ɗan Amurka, farfesa a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a jihar Missouri, wanda ake yawan kira uban binciken zamani kan ƙwayoyin da ke zaune cikin hanjin ɗan Adam. Aikinsa na shekaru fiye da 30 ya tsaya ne kan tambaya guda: waɗannan ƙananan halittu da ke cike da cikin kowane mutum, 'yan rakiya ne kawai, ko kuwa suna da hannu a yadda jiki ke girma, ya yi ƙiba, ya rame, ko ya kamu da ciwo? Amsar da ɗakin bincikensa ya bayar ta sauya yadda masana ke kallon teɓa da farko, daga baya kuma tamowa, cutar da ke da hannu a kusan rabin mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya.

An haife shi a 1947. Ya yi digirinsa na farko a Kwalejin Oberlin a 1969, ya kammala karatun likita a Jami'ar Chicago a 1973, sannan ya ƙware a fannin cututtukan ciki da hanji. A 1981 ya zama malami a Jami'ar Washington, kuma bai bar ta ba tun daga lokacin. Ya shugabanci sashen nazarin ƙwayoyin halitta da magunguna daga 1991 zuwa 2004, daga nan ya koma jagorancin cibiyar nazarin ƙwayoyin gado ta jami'ar.

Ba da niyyar nazarin bakteriya ya fara ba. Abin da ya dame shi a shekarun farko shi ne fatar da ta shimfiɗe cikin hanji, wadda ke sabunta kanta cikin 'yan kwanaki, da yadda kowane yanki nata ke sanin irin aikin da zai yi. Yana cikin neman mai bai wa wannan fata umarni ne ya lura cewa wani ɓangare na umarnin daga maƙwabta yake fitowa, wato ƙwayoyin da ke kwance a kanta.

Ɓerayen da ba su taɓa haɗuwa da ƙwaya ba

Babban makamin Gordon tsoho ne. Tun 1895 wasu masana biyu a Balin suka raini dabbar gwaji wadda babu ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinta, kuma a tsakiyar ƙarni na 20 aka inganta dabarar a Amurka da Suwidin. Ana rainon ɓeraye cikin rufaffun akwatunan roba, iskar da suke shaƙa tatacciya ce, abincinsu da ruwansu an kashe duk wata ƙwaya da ke ciki. Ɓera irin wannan kamar gonar da ba a taɓa shuka komai a cikinta ba ne. Mai bincike na iya zuba masa nau'in bakteriya ɗaya tak, ko kuma dukkan al'ummar ƙwayoyin da aka ɗebo daga bayan gidan wani mutum, sannan ya zuba ido ya ga abin da zai sauya.

A 1996 ɗalibarsa Lynn Bry, tare da haɗin gwiwar Tore Midtvedt na Cibiyar Karolinska a Suwidin, ta nuna cewa wata bakteriya mai suna Bacteroides thetaiotaomicron tana sa fatar hanjin ɓera ta riƙa samar da wani nau'in sukari da ita bakteriyar ke ci. Baƙuwa ce ke gaya wa mai gida abin da zai dafa. A 2001 Lora Hooper ta faɗaɗa aikin, ta nuna cewa shigar wannan bakteriya ɗaya na motsa ƙwayoyin gado masu kula da tsotsar abinci da ƙarfafa bangon hanji. A 2003 ɗakin ya fitar da cikakken tsarin gadon bakteriyar, aka ga tana ɗauke da ɗimbin sinadaran narkarwa waɗanda ke farfasa sassan tsirrai masu tauri da cikin ɗan Adam ba ya iya narkarwa shi kaɗai.

Dabara ta biyu ta zo daga wani fanni. Yawancin ƙwayoyin hanji ba sa son iska, kuma da wuya su tsiro a faifan gwaji, don haka an daɗe ba a san adadinsu ko sunayensu ba. Da injinan karanta DNA suka yi araha a tsakiyar shekarun 2000, sai ya zama ana iya ƙidaya su ta hanyar karanta wani ɗan yanki na gadonsu, ba tare da an raine su ba. Haɗa waɗannan dabaru biyu, ƙidaya a jikin mutane da gwaji a jikin ɓeraye, shi ne tambarin aikin Gordon har yau.

Shekarun teɓa

Abin da ya fara fitar da sunansa wajen da'irar masana shi ne ƙiba. A 2004 Fredrik Bäckhed ya zuba wa ɓeraye marasa ƙwaya al'ummar ƙwayoyin ɓeraye na gama-gari. Cikin kwana 14 kitsen jikinsu ya ƙaru da kashi 60 cikin 100, alhali sun rage cin abinci. A 2005 Ruth Ley ta kwatanta ɓeraye masu teɓar gado da 'yan uwansu sirara, ta tarar cewa wani babban rukunin bakteriya, Bacteroidetes, ya ragu da rabi a cikin masu teɓar, wani rukunin kuma, Firmicutes, ya ƙaru. A Disambar 2006 mujallar Nature ta buga ayyuka biyu daga ɗakin. Ɗaya na Peter Turnbaugh ne, wanda ya nuna cewa ƙwayoyin ɓera mai teɓa sun fi tatso ƙarfi daga abinci, kuma idan aka dasa su a jikin ɓera marar ƙwaya yana tara kitse fiye da wanda aka dasa wa na siriri. Ɗayan ya bi mutum 12 masu teɓa tsawon shekara guda suna rage cin abinci.

Gwajin da ya fi shahara ya zo a 2013. Vanessa Ridaura ta samo tagwaye mata, gida huɗu, waɗanda a kowane gida ɗaya ke da teɓa ɗaya kuma siririya. Ɓerayen da aka zuba wa ƙwayoyin mai teɓa sun fi tara kitse. Sai aka haɗa ɓerayen biyu a keji ɗaya. Ɓera dai yana cin kashin ɗan uwansa, ta haka ƙwayoyin sirara suka mamaye cikin ɗaya ɓangaren suka hana su yin ƙiba. Amma wannan mamaya ta yiwu ne kawai lokacin da abincin ɓerayen ke da yawan ganye da 'ya'yan itace da ƙarancin kitse. Da aka ba su abinci mai maiƙo, ƙwayoyin sirara sun kasa kafuwa. Jaridu da yawa sun ɗauki rabin farko na labarin suka bar rabi na biyu.

A nan ne kuma aikin ya sha suka mafi nauyi. Maganar cewa ana iya gane mai teɓa daga yawan Firmicutes a kan Bacteroidetes ba ta tsaya da ƙafarta ba. A 2016 Marc Sze da Patrick Schloss na Jami'ar Michigan sun tattara bayanan bincike goma suka sake auna su, suka tarar cewa alaƙar tana da rauni ƙwarai. Gwaje-gwajen da aka yi na dasa wa mutane masu teɓa ƙwayoyin sirara, ciki har da wanda aka yi kan matasa a New Zealand aka buga a 2020, ba su rage musu nauyi ba. A shekarar 2020 ɗin dai Jens Walter da abokan aikinsa suka duba bincike 38 da aka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin mutane masu cututtuka daban-daban, suka ga 36 daga ciki sun ba da rahoton cewa cutar ta bi ƙwayoyin. Suka ce irin wannan nasara ta wuce hankali, kuma tana nuna cewa fannin na fama da raunin tsari da ɓoye sakamakon da bai yi daɗi ba. Sukar ta shafi fannin ne baki ɗaya, amma hanyar da ake suka ɗin ɗakin Gordon ne ya yaɗa ta.

Daga Malawi zuwa Mirpur

Tun kafin ƙurar teɓa ta lafa, Gordon ya juya zuwa ɗaya ƙarshen ma'aunin. Sunan kwashiyoko daga harshen Ga na Ghana ya fito, kuma likita Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a 1935 bayan aikinta a Accra. Shi ne nau'in tamowar da ke zuwa da kumburin ƙafa da fuska, da canjin launin gashi, da saɓulewar fata. An daɗe ana koyar da cewa ƙarancin furotin ne ke kawo shi, amma wannan bayani bai taɓa gamsar da kowa ba, domin a gida ɗaya, a kwano ɗaya, wani yaro kan kumbura wani kuma ya tsira.

Tare da Mark Manary, likitan yara na jami'arsu da ya daɗe yana aiki a Malawi, ɗakin ya bi tagwaye gida 317 a shekaru ukun farko na rayuwarsu. Rabin gidajen sun kasance lafiya. A kashi 43 cikin 100, ɗaya ya kamu da tamowa ɗayan bai kamu ba. A kashi 7 ne kawai duka biyun suka kamu. Uwa ɗaya, nono ɗaya, rijiya ɗaya, amma Hassan ya kwanta Hussaini na yawo. An ba dukkan tagwayen da abin ya shafa abincin gyaɗa na musamman da ake jinyar tamowa da shi. Ƙwayoyin cikin marasa lafiyar sun ɗan gyaru a lokacin jinya, suka koma gidan jiya da aka daina. Da aka dasa ƙwayoyin yara masu kwashiyoko a jikin ɓeraye, aka kuma ciyar da su abinci irin na karkarar Malawi wanda masara ce ginshiƙinsa, ɓerayen sun zube ƙwarai. Ƙwayoyin su kaɗai ba su yi wannan ɓarna ba, abincin shi kaɗai ma bai yi ba, sai da suka haɗu. Mujallar Science ta buga wannan a farkon 2013. Ya kamata a lura cewa gida uku ne kawai aka dasa ƙwayoyinsu a ɓeraye.

Aikin da ya fi zurfi an yi shi ne a Bangladesh, tare da cibiyar icddr,b ta birnin Dhaka, wadda aka kafa a 1960 don binciken kwalara, kuma ta taka babbar rawa wajen samar da ruwan gishiri da sukari da ya ceci miliyoyin masu gudawa. Abokin aikinsa a can shi ne Tahmeed Ahmed, wanda ya zama shugaban cibiyar a 2021. A unguwar marasa galihu ta Mirpur, an riƙa karɓar samfurin bayan gidan yara masu lafiya kowane wata daga haihuwa zuwa shekara biyu. Sakamakon da Sathish Subramanian ya fitar a 2014 ya nuna cewa al'ummar ƙwayoyin hanji tana da nata girman, mataki bayan mataki, kamar fitowar haƙora. Daga yawan wasu nau'o'i 24 ana iya ƙiyasta watannin yaro. Yara masu tamowa mai tsanani kuwa cikinsu ya kasance na jarirai, ya yi ƙasa da shekarunsu, kuma jinyar da aka saba yi ba ta kai shi inda ya kamata ba.

Wannan shi ne ra'ayin da ya fi kowanne tasiri a aikin Gordon: cewa tamowa ba rashin abinci kaɗai ba ce, har da tsayawar girman wata gaɓa da ba a saba lissafa ta cikin gaɓoɓin jiki ba. Yana ba da bayani kan abin da ma'aikatan cibiyoyin tamowa suka daɗe suna gani, wato yaron da aka sallama ya cika ma'auni, bayan 'yan watanni uwarsa ta dawo da shi, ko kuma ya rayu amma bai taɓa cimma tsawon sa'o'insa ba. A 2016 Laura Blanton ta nuna cewa ƙwayoyin yaran Malawi masu tamowa na hana 'ya'yan ɓeraye girma, kuma ƙara musu nau'o'i biyu daga cikin yara masu lafiya ya rage matsalar. Wani aikin na shekarar ya gano cewa nonon iyayen yara masu tsumburewa na da ƙarancin wasu nau'o'in sukari waɗanda jariri ba ya narkarwa, ƙwayoyin cikinsa ne ke ci.

Ciwon hanjin da ba ya nuna kansa

Akwai wata lalura da likitoci ke dangantawa da zama cikin ƙazanta, wadda ba ta zuwa da gudawa ko zazzaɓi. Bangon ƙaramin hanji yana da 'yan ƙananan tsiro kamar yatsu waɗanda ke tsotsar abinci. A wannan lalura sukan gajarce su daskare, bangon ya kumbura ya riƙa yoyo, yaro ya ci amma abincin bai zauna a jikinsa ba. An san ta tun shekarun 1960, amma gano musabbabinta ya yi wuya, domin bayan gida labarin babban hanji yake bayarwa, ita kuwa a sama take.

A binciken da aka buga a 2020, an ɗauki yara 110 masu tsumburewa a Dhaka waɗanda ƙarin abinci bai amfane su ba. An zura musu siririyar na'ura mai kyamara ta baki, aka ɗebo ruwa da ɗan yankin nama daga farkon ƙaramin hanji, aka kuma yi nazari mai zurfi kan 80 da aka tabbatar suna da lalurar. An sami nau'o'in bakteriya 14 waɗanda yawansu ke tafiya tare da tsananin tsumburewar da alamun kumburi. Abin lura, ba sanannun ƙwayoyin gudawa ba ne. Da aka raini ƙwayoyin daga hanjin yaran aka ba ɓeraye, su ma ƙaramin hanjinsu ya lalace.

Wannan sakamako ya faɗo ne a daidai lokacin da masu tsara manufofi ke cikin ruɗani. Manyan gwaje-gwaje uku a Bangladesh da Kenya da Zimbabuwe, waɗanda aka buga a 2018 da 2019, sun nuna cewa gina masai na gida da raba sabulu da maganin tsabtace ruwa bai ƙara wa yara tsawo ba. Masu binciken ba su ce tsabta ba ta da amfani ba. Abin da suka fahimta shi ne cewa ƙananan gyare-gyare a gida ɗaya ba sa isa idan unguwar baki ɗaya na cikin najasa. Maganar ta koma kan famfo da magudanar ruwa, aikin da gwamnati ce kaɗai ke iya yi.

Kan kwalara ma ɗakin ya bar tarihi. A 2014 Ansel Hsiao ya bi manya da ke murmurewa daga cutar a Dhaka, ya ga cikinsu na sake ginuwa bisa tsari mai kama da na jarirai, ya kuma gano wata bakteriya, Ruminococcus obeum, da ke fitar da sinadarin da ke dakushe kaifin ƙwayar kwalara a jikin ɓeraye.

Abincin da aka tsara domin ƙwayoyi

Idan cikin yaro ya tsaya a girma, wane abinci ne zai tura shi gaba? Ɗakin ya gwada kayan abincin da ake samu a kasuwannin Dhaka ɗaya bayan ɗaya, a ɓeraye sannan a 'ya'yan alade marasa ƙwaya, yana neman waɗanda ke ciyar da nau'o'in da suka yi ƙaranci. Haɗin da ya yi fice, wanda aka sa wa suna MDCF-2, ya ƙunshi garin gyaɗa, garin waken suya, ɗanyar ayaba, da garin wani wake da Larabawa ke kira hummus, mutanen Sudan kuma kabkabe, tare da mai da sukari da sinadaran ƙarin lafiya.

Gwajin da ya biyo baya, wanda mujallar likitanci ta New England ta buga a 2021, ya ƙunshi yara 123 'yan wata 12 zuwa 18 masu matsakaiciyar tamowa. An raba su biyu. Rabi sun sami MDCF-2, rabi kuma abincin tallafi na shinkafa da wake da garin madara, giram 25 sau biyu a rana har wata uku. Sabon haɗin ya fi ƙarancin kalori, amma yaran da suka ci shi sun fi saurin ƙara nauyi gwargwadon tsawonsu, kuma jininsu ya nuna ƙaruwar furotin masu alaƙa da girman ƙashi da na ƙwaƙwalwa. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna cewa wasu nau'o'in bakteriyar Prevotella copri ne ke farfasa sassan tsirran da ke cikin haɗin.

Sakamakon na gaske ne, amma ƙarami ne. Bambancin ya kai 0.011 a kowane mako a ma'aunin da ake kwatanta nauyi da tsawo, a unguwa ɗaya, cikin yara da ba su kai 130 ba. Darajarsa tana cikin abin da ya tabbatar: kalori ba shi ne dukkan labarin ba, kuma abin da aka hango a jikin ɓera ya bayyana a jikin yaro, abin da bai faru ba a batun teɓa. An shiga gwada haɗin a kan yara masu yawa a wasu ƙasashen Kudancin Asiya da Afirka tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Inda batun ya taɓa Najeriya da Nijar

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Abincin gyaɗar nan da ake rabawa a leda, wanda André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka ƙirƙiro a 1996 da sunan Plumpy'Nut, a Nijar ya fara nuna ƙarfinsa a babban mataki, lokacin yunwar 2005, sa'ad da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun dubatar yara, galibi a yankin Maraɗi, mafi yawansu a gidajen iyayensu. Yana ceton rai, kuma babu abin da ke cikin aikin Gordon da ya musanta hakan. Abin da aikin ya ƙara shi ne cewa cika ma'auni ba shi ne warkewa ba.

Yankin ya kuma ba da nasa darasin kan haɗarin ɗauko sakamako daga wata ƙasa a shimfiɗa a wata. A makon da aka buga binciken tagwayen Malawi, wani gwaji daga ƙasar ya nuna cewa ba yara masu tamowa mai tsanani maganin antibayotik na rage mutuwa: kashi 7.4 cikin 100 na waɗanda ba a ba su ba sun rasu, a kan kashi 4.8 na waɗanda suka sha amoksisilin. Da aka maimaita gwajin kan yara kusan 2,400 a Madarunfa, aka buga a 2016, maganin bai kawo wani bambanci na a zo a gani ba a yawan waɗanda suka warke, ko da yake ya rage masu buƙatar a kwantar da su. Yaran Malawi da yawa na da kumburi da cutar HIV, na Madarunfa kuwa galibi ramewa ce. Haka zalika, gyaɗa da waken suya da ke cikin MDCF-2 su ne ake haɗawa da gero ko dawa a garin kunun da ake kira Tom Brown a arewacin Najeriya, amma kamannin kayan haɗi ba hujja ba ce cewa aikinsu ɗaya ne a cikin yaro. Gwaji ne kaɗai ke raba wannan gardama, kuma gwaji kuɗi yake ci.

Kuɗin kuwa daga waje suke zuwa. Gidauniyar Bill da Melinda Gates da Cibiyoyin Lafiya na Amurka ne suka ɗauki nauyin mafi yawan aikin Malawi da Bangladesh. Wani nazari na 2022 ya gano cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na samfuran ƙwayoyin jikin ɗan Adam da aka san asalinsu a rumbunan bayanai na duniya daga Turai da Amurka da Kanada suka fito, kusan rabi daga Amurka kaɗai. Ɗakin Gordon na cikin na farko da suka nuna illar hakan, a binciken 2012 da ya kwatanta mutum 531 daga Malawi da dajin Amazon na Benezuwela da biranen Amurka, ya tarar cewa cikin Ba'amurke ne ya fi ƙarancin nau'o'i. Wanda ake ɗauka a matsayin ma'aunin lafiya shi ne ya fita daban.

Gado, kasuwa da lambobin yabo

Tasirin Gordon ya wuce takardun da ke ɗauke da sunansa. Shi ya jagoranci rubuta takardar 2005 da ta nemi a karanta gadon ƙwayoyin hanjin ɗan Adam, wadda ta share fage ga babban shirin da gwamnatin Amurka ta ƙaddamar a ƙarshen 2007 da dala miliyan 115. Ya horar da ɗalibai da ƙananan masana fiye da 100. Hooper tana Jami'ar Texas a Dallas, Ley na jagorantar sashe a Cibiyar Max Planck ta Tübingen a Jamus, Bäckhed yana Gothenburg, Turnbaugh yana San Francisco, Justin Sonnenburg kuma yana Stanford.

Maganin ƙwayoyin hanji da ya fi kowanne tabbata, duk da haka, ba daga St. Louis ya fito ba. Likitoci a Amsterdam ne suka nuna a 2013 cewa dasa ƙwayoyin bayan gidan mai lafiya na warkar da gudawar Clostridioides difficile mai yawan dawowa: mutum 15 cikin 16 sun warke, alhali maganin da aka saba bayarwa bai warkar da ko kashi ɗaya cikin uku ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magunguna biyu irin wannan a 2022 da 2023, bayan ta yi gargaɗi a 2019 kan mutuwar wani majinyaci da aka dasa wa ƙwaya mai bijire wa magani.

Kasuwa ba ta jira hujja ba. Kamfanoni sun cika kantuna da ƙwayoyin sha da madarar da ake cewa tana gyara ciki, wasu kuma na karɓar kuɗi su auna bayan gidan mutum su ba shi shawarar abinci. Ɗaya daga cikinsu, uBiome, ya durƙushe a 2019 bayan hukumar FBI ta kai samame ofishinsa kan zargin zambar inshora. Har adadin da masu talla ke so, cewa ƙwayoyin bakteriya sun ninka na jikin mutum sau goma, masana a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila sun rushe shi a 2016: kimanin tiriliyan 38 ne a kan tiriliyan 30. Gordon kansa ya sha jan kunne kan gaggawar sayar da abin da ba a gwada ba, ko da yake shi ma bai yi nisa da kasuwar ba. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Matatu, kuma ɗakinsa ya yi aiki da kamfanin kayan ƙwalama na Mondelez kan wani bincike da aka buga a 2021, abubuwan da ya bayyana a takardunsa kamar yadda ƙa'ida ta tanada.

An zaɓe shi cikin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka a 2001. Ya karɓi lambar Robert Koch a 2013, lambar Sarki Faisal ta fannin likitanci a Saudiyya a 2015, lambar Copley ta Ƙungiyar Masana ta Masarautar Birtaniya a 2018, da lambar Balzan a 2021. A 2023 ya raba lambar Gimbiyar Asturias ta ƙasar Sifen da Bonnie Bassler da Peter Greenberg, masana biyu da suka bayyana yadda bakteriya ke aika wa junansu saƙo ta hanyar sinadarai.